Kujerar da Ke Bayan Surukinsa

Sunansa Iliyasu. Na rubuta shi a nan sau ɗaya domin mai karatu ya san wanda ake magana a kansa, amma bakina bai taɓa faɗarsa ba. Ɗan farina ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Na yi digiri a Kano, na daɗe ina koyar da ilimin sinadarai a makarantar 'yan mata, duk wannan bai sauya komai ba. Tun da aka haifi ƙannensa nake ce masa Yayansu, kuma haka zan kira shi a wannan rubutu.

Ya rasu bai kai shekara arba'in ba. Ba a jirgi ya rasu ba. Ina faɗar haka tun yanzu, saboda duk wanda ya ji cewa matuƙin jirgin sama ne sai ya yi shiru, ya shiga tuno haɗurran da ya taɓa ji a rediyo. Ciwon zuciya ne, a gadon asibiti, da rana tsaka, ina zaune wajen ƙafafunsa.

An haife shi a Tsamiyar Liman, ƙauyenmu da ke gefen Kunci, inda gonar wannan take ƙarewa a bakin ta wancan, babu dajin da ya rage a tsakani. Mahaifinsa, Malam Khalilu, malamin firamare ne kuma manomi, ya rasu yaron yana ajin farko na sakandare. Jiragen da ke nufar Kano daga arewa sukan fara yin ƙasa ta samanmu. Yara kan ɗaga musu hannu. Shi ba ya ɗagawa. Yakan tsaya da fartanya a hannu ya bi jirgin da ido har ya ɓace, sannan ya ci gaba da noma daga kunyar da ya tsaya.

Wanda ya kai shi ga jirgi shi ne Kyaftin Nababa, abokin mahaifinsa tun makarantar allo, mutum na farko a yankinmu da ya tuƙa jirgin sama. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a maimaita masa abu. Bayan rasuwar Malam shi ya riƙe karatun yaron, ya kai shi makarantar matuƙa a Zariya, ya shigar da shi kamfanin da shi kansa yake aiki. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Daga baya Yayansu ya nemi auren 'yarsa Asiya, ita ma tana so, aka ba shi.

Kafin auren, yakan zauna kusa da Kyaftin ya yi ta yi masa tambayoyi, har su yi dariya. Bayan auren kunya ta shiga. Tun daga ƙofar zaure yake cire takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ba ya cin abinci a gabansa, ko ruwa ba ya sha. Ba ya faɗar sunansa; akwai wani Nababa mai faci a kasuwar Kunci, shi ma sai dai ya ce masa mai sunan Baba. Idan yana da buƙata ba ya kai ta da bakinsa, sai ya aiki Baffa Sabo, ƙanin mahaifinsa. Mai tsara wa matuƙa aiki a kamfanin Bakano ne, ya san wannan, don haka bai taɓa haɗa su a jirgi ɗaya ba. Ba wanda ya roƙe shi, ba kuma wanda ya yi masa godiya.

Yana cikin ganiyar aikinsa likitan da ke duba matuƙa ya ji wani abu a bugun zuciyarsa. Aka karɓe lasisin tuƙi. Kamfanin bai sallame shi ba, ya mayar da shi ofishin kiyaye haɗurra. Wannan ya zo daidai da shekarun da dala ta yi wuya, man jirgi ya yi ƙaranci, ƙananan kamfanoni suna ta rufewa. Mu ma a ƙauye mun ji a jikinmu. Takin zamani ya gagari mutane, aka koma kai toka da kashin awaki gona a mangala. A can kuma kowane matuƙi ya san cewa idan ya fasa sauka ya sake zagayowa, za a tambaye shi man da ya ƙona. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, amma kowa ya sani.

A wannan hali masu inshorar jiragen suka kafa sharaɗi: kafin damina ta fita, sai kamfanin ya fara wani tsari na duba yadda matuƙa suke aiki, in ba haka ba su janye. Aka ɗora wa Yayansu. Ya bayyana mini tsarin wata Asabar a farkon damina, ina gindin ɗorawa ina ɓarar gyaɗar iri, shi yana sa wa fartanya sabuwar ƙota.

"A ɗakin matuƙa akwai kujera ta uku, Inna, a baya, mai naɗewa. Mutum ɗaya zai zauna a kai a tafiya ta yau da kullum, da fasinja da komai, ya ga yadda suke aiki. Ba jarrabawa ba ce. Ba a rubuta sunan kowa, ba a hukunta kowa. Idan an ga jirage da yawa, sai a tara, a gano inda muka fi yin tuntuɓe."

"Idan ya ga kuskure fa?"

"Ya yi shiru. Ba ya magana sai in ya ga rai zai salwanta."

"Wa zai gaya masa cewa lokacin ya yi?"

Ya daɗe yana jujjuya ƙotar. "Babu," ya ce.

Sai ya zo kan abin da ya kawo shi gida. A tsarin, ba a zama bayan kyaftin sai da yardarsa, kuma ba wanda ya yarda. Idan ya shiga ɗakin da matuƙa ke jira, sai wani ya ce, "Ku gyara zama, ɗan sandan ciki ya iso." Wani kyaftin mai suna Basiru, mai baki ne sosai, ya ce masa a gaban kowa, "Ka fara da surukinka. Ranar da ka zauna bayan Kyaftin Nababa kana duba kurakuransa, ka zo, ni da hannuna zan buɗe maka kujerar." Aka yi dariya, domin duk sun san mutumin da ba ya iya shan ruwa a gaban surukinsa ake gaya wa.

Na ajiye kwaryar gyaɗar. Na ce masa, "Ka san abin da kake nema? In ka zauna, za ka gani. In ka gani, ko ka yi shiru ka ci amanar aikin, ko ka yi magana ka rasa uba. Ba ka da wani uban bayan shi."

"Baba ya shekara talatin yana tuƙi, Inna. Wataƙila ba abin da zan gani."

"Wataƙila," na ce.

Baffa Sabo aka aika, kamar yadda aka aike shi neman aure. Manomi ne, bai taɓa taka jirgi ba. Ya jira ranar da Kyaftin ya zo duba gonarsa, ya sa babbar riga, ya ƙulle goro a leda ya tafi. Da ya dawo ya zauna a zaurenmu ya ba mu labari, yana fifita da hula.

"Na ce, Nababa, yaronka yana neman alfarma. Ya ce wace iri? Na ce yana so ya zauna a bayanka a motar nan taku ta sama, ya ga yadda kake ja. Ya ce, shi ne zai duba ni? Ni na koya masa ɗaura bel. Na ce ni dai aiko ni aka yi, ban san bel ba ban san komai ba, kuma goron nan ba na komawa da shi gida, matata za ta ce na kasa. Ya ce, Sabo, kai ko keke ba ka iya ba aka turo ka maganar jirgi. Na ce shi ya sa har yau ban faɗo ba. Can ya ɗauki goro ɗaya ya fasa."

"Ya yarda ke nan?" in ji Yayansu.

"Ya ce ka zo. Amma ya ce in gaya maka, ka zo da idonka ka bar bakinka a gida."

Asiya tana bakin ƙofa da Mairo, 'yarsu, a goye. Ta jira har maza suka fita. Sannan ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, Baba ba ya mantuwa da wanda ya gyara masa a gaban mutane. Ƙaninsa ya taɓa yi a wajen rabon gado, sai da aka yi shekaru ba su gaisa ba." Na ce mata mu yi addu'a a yi tafiyar ba a ga komai ba.

Ban kasance a jirgin ba. Abin da zan faɗa na samo shi daga baki biyu: Kamilu, mataimakin matuƙi a ranar, wanda ya zo mini ta'aziyya ya zauna har ya gama labarin, da Kyaftin da kansa daga baya. Inda suka saɓa zan nuna.

Watan Agusta ne, daga Legas zuwa Kano, da la'asar. Kamilu ɗan Gezawa ne, bai daɗe da fara aiki ba, kuma Kyaftin ya girmi mahaifinsa. Ɗakin matuƙa ƙarami ne, babu wajen durƙusawa, don haka Yayansu ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa, ya buɗe kujerar ya zauna. Da suka daidaita a sama, ma'aikaciyar jirgi ta kawo shayi kofi uku. Kyaftin bai waiwaya ba ya ce, "Mayar da ɗaya, ba zai sha ba." Kamilu ya ce duk tafiyar bai ji ko tarin Yayansu ba.

Da suka kusa Kano sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, yana nufo filin jirgin. Masu hasumiya suka sanar da su cewa iska ta fara juyawa, kuma an fara yayyafi a titin sauka. Kyaftin ya ga cewa idan suka yi sauri za su riga ruwan. Akwai ƙa'ida da kowane matuƙi ya sani: idan ya rage ƙafa dubu tsakanin jirgi da ƙasa, dole gudunsa da tsayinsa su zama sun daidaita. In ba su daidaita ba, a fasa sauka, a tashi a sake zagayowa. Sun wuce wannan matsayi suna sama fiye da kima, kuma da gudu fiye da kima.

Kamilu ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar iskar nan ta ɗan juyo mana ta baya."

"Na ji."

Suka ƙara yin ƙasa. Ruwa ya fara dukan gilashi.

"Ranka ya daɗe, gudun namu kamar da ɗan ƙari."

"Zai sauko."

A nan Kamilu ya dakata da ba ni labarin ya kalli tafin hannunsa. Ya ce, "Hajiya, na san abin da ya kamata in faɗa. Kalma biyu ce da Turanci, an koya mana, mun maimaita ta ba adadi. Tana bakina. Amma da na dubi furfurar da ke ƙeyarsa sai na ji kamar zan ce wa mahaifina ya tashi daga tabarma."

Fitilun titi suka bayyana cikin ruwa. Iskar da ke bayansu tana tura su gaba. Kamilu ya ga farkon titin yana shirin wucewa ta ƙarƙashinsu alhali jirgin bai yi ƙasa yadda ya kamata ba, ga ruwa kwance a kan kwalta yana ƙyalli. Idan taya ta taɓa ƙasa can tsakiya, a kan ruwa, da wannan gudu, abin da ya rage na titin shi ne kawai abin da suke da shi.

Kamilu ya ce sai ya ji murya daga baya, ƙasa ƙasa: "Baba, a sake zagayowa." Kyaftin ya ce shi bai ji wannan ba. Kamilu ya ce ya ga kafaɗarsa ta motsa. Ban san wanda ya fi daidai ba.

A kan abin da ya biyo baya ba su saɓa ba. Yayansu bai ɗaga murya ba. Ya dai faɗa a fili, kamar yadda babba yake yi wa yaro: "Nababa. Ɗaga jirgin nan."

Kyaftin ya tura sandar da ke ba injina mai gaba har ƙarshe. Injina suka yi ƙara, hancin jirgin ya ɗaga, suka koma cikin hadarin. Daga baya ya ce mini, "Hannuna ne ya ji, Hajiya. Ni ban riga na yanke shawara ba."

Suka yi arewa suna kewaye har ruwan ya wuce. Kamilu ya ce ta saman Kunci suka yi ta zagaye. A wannan la'asar ina gida ina kwashe shanya, ba zan ce na ga jirgin ba. Suka dawo suka sauka ta ɗaya ɓangaren, lafiya ƙalau. Fasinjoji suka fita suna mitar an ɓata musu lokaci. A ɗakin matuƙa kuwa, Kyaftin ba zai iya fita ba sai an naɗe kujerar baya. Ya miƙe, ya ce wa Kamilu, "Gaya wa baƙonka ya ba ni hanya."

Kamilu ya ce da sun sauka a karon farko da sun zarce ƙarshen titi. Kyaftin ya ce da ya tsayar da shi. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa gwajin da ba a yi ba ba shi da sakamako, don haka ba zan raba musu gardama ba.

Daga bakin Yayansu abu kaɗan na samu. Ya zo gida a ƙarshen makon, ya zauna a bakin rumbu bai cire takalmi ba.

"Na kira sunansa, Inna."

"A gaban wa?"

"A gaban yaron da ke taimaka masa."

Ban tambaye shi dalili ba. Na san ba zai yi don wasa ba.

Kamilu bai gaya wa kowa ba. Kyaftin ne ya gaya wa matarsa, daga nan maganar ta bi gidaje. A gidan suna na ji wata tana cewa boko ya cinye wa ɗan Furera, wato ɗana, kunya, ya dubi mutumin da ya raine shi ya ba shi 'ya, ya kira shi gatsal kamar sa'ansa. Da ta gan ni ta koma zancen tsadar manja. Ba wanda ya yi maganar jirgin, tunda babu jirgin da ya faɗi.

Aka sake kiran Baffa Sabo. Wannan karon bai yi raha ba.

"Me zan ce masa?"

"Ka ce ina neman gafarar sunan da na kira."

"Maganar da ka yi fa? Ya ce ka bar bakinka a gida."

"Ita ba na neman gafararta, Baffa."

"To ai rabin tuba ka ba ni in kai."

"Shi nake da shi."

Baffa ya dawo da goronsa a ƙulle yadda ya tafi da shi. Da Babbar Sallah Yayansu ya je gaisuwa, ya durƙusa a zaure tun hantsi har aka kira azahar, Kyaftin bai fito ba. Bai ce a dawo masa da 'yarsa ba, bai yi ƙararsa a kamfani ba. Ya dai daina ganinsa. Idan suka haɗu a filin jirgi, Yayansu ya rusuna ya yi gaisuwa, shi kuma ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Asiya ta riƙa kai Mairo gidansu ita kaɗai, ta dawo idanunta sun yi ja, ta shiga kicin. Ta rame a wannan shekara. Shi ma ya rame, amma nasa mun ɗora wa magani.

Aikin kuwa ya tafi. Kyaftin Basiru ya cika alkawari, ya buɗe masa kujerar yana cewa, "Zauna, Malam, ni dai kada ka kira sunana, ina da hawan jini." Sauran suka biyo baya. Aka horar da wasu masu dubawa, masu inshora suka yi shiru. Bayan girbi aka tara abin da aka gani, babu sunan kowa a ciki. Abin da ya fi fitowa ba rashin iya tuƙi ba ne. A mafi yawan lokutan da aka kauce wa ƙa'ida, mataimaki ya gani tun da wuri, kuma ya yi magana, amma da "kamar" da "ko dai" da "ina ganin", yadda muka koya wa 'ya'yanmu su yi wa manya magana. Kyaftin kuma sai ya ɗauke ta a matsayin ladabi, ya amsa da "na ji".

Aka kira taron matuƙa. Wasu suka ce a mayar da matasa aji a koya musu ƙarfin hali. Yayansu ya ce an riga an koya musu, sun ci jarrabawa, kuma ba ya aiki. Ya ce yaron da ya tashi a gidajenmu ba zai ƙwaci baki a gaban babba ba, sai dai babban ya ba shi. Wani ya ce, "To kai wa ya ba ka?" Aka ɗan yi dariya, aka kuma yi shiru, domin Kyaftin Nababa yana zaune a layin baya. Ya tashi ya fita kafin a rufe taro.

Mako na gaba aka sake haɗa Kyaftin da Kamilu. Sun gama duba komai, saura a tayar da inji, sai Kyaftin ya ce, idonsa a kan gilashi, "Daga nan har mu kashe inji na ɗauke maka kunyata. Abin da ka gani ka faɗa kai tsaye, da sunana in ta kama. In mun sauka ka mayar da ita." Kamilu ya ce ya zaci bai ji daidai ba. Kyaftin ya ce, "Ba na maimaita magana." Tun daga ranar bai tashi da wani mataimaki ba sai ya faɗi haka. Da yake shi ne babba, wasu kyaftin-kyaftin suka ɗauka, kowa da irin kalmominsa.

Kamilu ya kai wa Yayansu labarin da murna. Asiya ta ce ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya shiga ɗaki. Washegari ya gamu da Kyaftin a bakin ofis, ya rusuna, Kyaftin ya wuce.

Haka aka ci wata damina. A ta biyun ciwon ya tsananta. Ƙafafunsa suka kumbura, hawa matakala ya gagare shi, aka kwantar da shi a asibiti a Kano. Likita ya yi mini bayani da Turanci, yana zaton zai fi sauƙi, na kuma fahimci duk abin da ya ce. Yayansu bai tambayi kowa ba, amma duk lokacin da aka turo ƙofa sai ya juya. Asiya ta ce ita ba za ta iya roƙon mahaifinta ba. Ni na aiki Baffa Sabo, ba goro. Na ce ya gaya masa abin da likita ya ce, kada ya ƙara kada ya rage.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka turo ƙofar. Kyaftin ne, da farar riga, yana riƙe da kwanon abinci da kansa. Yayansu ya yunƙura zai sauko daga gado ya durƙusa, robar ruwan da ke hannunsa ta ja shi baya.

"Kwanta," in ji Kyaftin. Na miƙe zan ba su wuri. "Ki zauna, Hajiya."

Ya jawo kujera ya zauna dab da gadon. Ya buɗe kwanon, tuwon dawa ne da miyar kuka, mahaifiyar Asiya ta yi ba gishiri. Ya wanke hannu a roba, ya tura robar gaban Yayansu.

"Sa hannu."

Yayansu ya juyar da fuskarsa bango. "Na ƙoshi, Baba."

"Asiya ta ce rabonka da abinci tun jiya."

Na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri, na kalli na'urar da ke gefen gado.

Kyaftin ya ce, "Wanda ya iya kiran sunana a sama ya iya cin tuwo da ni a ƙasa."

Can Yayansu ya miƙa hannu ya wanke, bai juyo da fuska ba.

"Har yanzu ina cewa da na tsayar da jirgin nan," in ji Kyaftin.

"Wataƙila, Baba."

"Wataƙila." Ya gutsuri tuwo. "Amma da kai ne a gaba ni a baya, da na faɗa tun kafin ka ga fitilu. Ka yi jinkiri."

"Na yi, Baba."

Ya ɗauki loma ɗaya ƙarama, ya kai baki fuskarsa tana bango, ya kare da ɗaya hannun. Kyaftin ya mayar da idonsa taga ya yi ta cin nasa a hankali, bai waiwayo ba, har yaron ya ƙara ta biyu da ta uku. Ni ma taga na kalla.

Bayan wannan ya zo kullum, da kwano, har ranar da ba a buƙaci kwanon ba. Shi ya shiga gaba a ɗaukar makara a Tsamiyar Liman. Aka binne shi kusa da mahaifinsa, gero ya fara fitar da kai. Allah ya haskaka masa makwanci, ya haɗa shi da wanda ya riga shi.

Kyaftin ya yi ritaya, yana noma gonarsa. Idan ya zo gaishe ni yakan tsaya a zaure, in zauna daga ciki, mu yi maganar ruwa da taki da makarantar Mairo. Idan zance ya zo kan yaron, yakan faɗi sunansa cikakke, a fili, ni kuma in ce Yayansu. A zuwansa na ƙarshe ya ce mini Kamilu ne yanzu yake zama a kujerar baya, kuma an ce yana da baki.